Kiɗan Disko: Yadda Filin Rawa Ya Ƙwace Kasuwar Waƙa a Shekarun 1970

A ranar 14 ga Fabrairun 1970 wani matashi mai suna David Mancuso ya tara abokansa a gidan da yake haya a lamba 647 kan titin Broadway a birnin New York, ya yi ta sa musu faya-fayai suna rawa har gari ya waye. Babu allon talla a ƙofar gidan, ba a sayar da giya a ciki, kuma ba mai shiga sai wanda aka gayyata. Shekara takwas bayan haka, kiɗan disko da aka yi renonsa a irin waɗannan wurare ya mamaye gidajen rediyon Amurka, har kundin waƙoƙin fim ɗin Saturday Night Fever ya yi mako 24 a jere yana kan gaba a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa na mujallar Billboard. Ba a yi shekara biyu ba kuma, a ranar 12 ga Yulin 1979, dubban mutane suka cika wani filin wasa a Chicago domin su ga an tarwatsa faya-fayan disko da nakiya. Duk wanda ya jera waɗannan ranaku uku dole ya nemi sanin abin da ya ɗaga wannan kiɗa da irin wannan sauri, da kuma abin da ya sa jama'ar da suka yi ta rububinsa suka juya masa baya kamar ba su taɓa taka rawarsa ba.

Abin da ake nufi da disko

Disko ya fara ne a matsayin sunan wuri kafin ya zama sunan kiɗa. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu akwai gidajen rawa a birnin Paris da ke sa faifan garmaho maimakon ɗauko makaɗa, kuma salon ya tsallaka zuwa Landan da New York a shekarun 1960. Sai a farkon shekarun 1970 ne kiɗan da ake sawa a waɗannan gidaje ya sami kamanninsa na kansa.

Ginshiƙin kiɗan shi ne babbar gangar da makaɗi ke bugawa da ƙafa, wadda take sauka sau huɗu daidai wa daida a kowace gaɓa ba tare da tsallake ko jinkiri ba, yawanci kusan bugu 120 a minti ɗaya. Tsakanin bugu da bugu ana jin wasu faranta biyu na ƙarfe suna buɗewa suna rufewa, a ƙarƙashinsu jita mai kaurin murya tana kai da kawo, a samansu kuma tarin goge irin na Turawa da kayan busa, sannan muryar mawaƙi, wanda sau da yawa mace ce da ta koyi waƙa a coci. Ana danganta daidaita wannan bugu ga Earl Young, makaɗin ganga na ƙungiyar MFSB da ke yi wa kamfanin Philadelphia International kiɗa, kamfanin da Kenny Gamble da Leon Huff suka kafa a 1971. Tushen kiɗan yana cikin sol da fank, wato wasu nau'o'in kiɗa na baƙaƙen fatan Amurka, da kiɗan 'yan asalin Puerto Rico da Cuba mazauna New York.

Muhimmancin wannan bugu a fili yake: ba sai mutum ya iya rawa ba kafin ya bi shi. Wanda bai taɓa shiga fili ba ma zai gane inda zai ajiye ƙafarsa, kuma tunda duk waƙoƙin suna tafiya da kusan sauri ɗaya, mai sa faifai, wanda yau ake kira DJ, yana iya ɗinke wannan waƙa da waccan ba tare da masu rawa sun tsaya ba.

Su wa suka fara taka rawar

Waɗanda suka cika gidajen rawa na farko su ne mutanen da sauran wuraren nishaɗi na birnin ba sa maraba da su: baƙaƙen fata, 'yan asalin Latin Amurka, 'ya'yan leburori 'yan asalin Italiya, da masu neman jinsi ɗaya. Waɗannan na ƙarshe sun daɗe suna fuskantar samamen 'yan sanda a mashayunsu, har zuwa tarzomar da ta ɓarke a mashayar Stonewall a watan Yunin 1969, wadda bayanta hukumomin birnin suka sassauta. Dabarar Mancuso ta mayar da taronsa liyafar gida, inda kowa ke ba da gudummawar kuɗin haya, ta raba shi da neman lasisi, ta kuma ba shi damar haɗa waɗannan rukunoni a ɗaki ɗaya a lokacin da birnin ke rabe bisa launin fata da unguwa. Wurin nasa ya shahara da suna The Loft, kuma yawancin manyan masu sa faifai na shekarun da suka biyo baya, ciki har da Nicky Siano da Larry Levan da Frankie Knuckles, a can suka fara ganin yadda ake yi.

Yanayin birnin ya taimaka ta wata hanya da ba a cika ambata ba. Masana'antu sun yi ta barin New York a wancan lokaci, suka bar manyan rumbuna da ɗakunan sarrafa kaya babu kowa, haya kuma ta faɗi warwas. Gidan rawa na Sanctuary tsohon coci ne, Paradise Garage wurin ajiye motoci ne a da, Studio 54 tsohon gidan wasan kwaikwayo ne da tashar CBS ta taɓa amfani da shi, Warehouse na Chicago kuma ginin masana'anta ne. Da birnin yana cikin wadata, da wuya matasa marasa jari su sami filin da zai ɗauki ɗaruruwan masu rawa.

Ƙasa a cikin ƙunci

Amurka ta shiga shekarun 1970 a gajiye. An kashe Martin Luther King a 1968, yaƙin Vietnam ya ci dubban matasa kafin sojojinta su fice a 1973, a shekarar ne kuma ƙasashen Larabawa suka hana sayar mata da man fetur, farashi ya yi tashin gwauron zabo, aka fara ganin layin motoci a gidajen mai. Shugaba Richard Nixon ya yi murabus a watan Agustan 1974 sakamakon abin kunyar Watergate. A 1975 gwamnatin birnin New York ta kusa kasa biyan basussukanta, ta kori dubban ma'aikata, a watan Yulin 1977 kuma wutar lantarki ta ɗauke a birnin aka kwana ana fasa shaguna.

Daga nan ne bayanin da aka fi yawan bayarwa ya samo asali, wato cewa mutane sun gaji da waƙoƙin zanga-zanga da na siyasa, suna neman inda za su manta da damuwarsu ko da na dare ɗaya ne. Akwai gaskiya a cikin wannan, sai dai bai isa shi kaɗai ba, domin ƙunci bai taɓa zaɓa wa mutane irin kiɗan da za su saurara ba. A cikin wannan ƙuncin ne dai kiɗan pank mai cike da fushi ya fito a New York da Landan, a cikinsa ne kuma hip-hop ya tsiro a unguwar Bronx. Abin da matsin tattalin arziki ya yi wa disko kai tsaye ya fi alaƙa da lissafin kuɗi. Mai gidan rawa da zai biya makaɗa takwas ko goma a kowane dare ya gano cewa mutum ɗaya da garmaho biyu da lasifika masu kyau zai riƙe masa jama'a har asuba, ba hutu ba gajiya, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ma matashin da ba zai iya sayen tikitin kallon babban mawaƙi a filin wasa ba yana iya biyan kuɗin ƙofa sau ɗaya ya ji waƙoƙin mawaƙa hamsin, kuma maimakon ya zauna yana kallon wani a kan dandamali, shi ne abin kallon.

An kuma sami sauyi a zamantakewa. Mata da yawa sun shiga aikin albashi, suna da kuɗin kansu, kuma rawar da ake yi a waɗannan gidaje ba ta buƙatar mace ta jira namiji ya zo ya gayyace ta kafin ta shiga fili.

Mai sa faifai ya zama alƙali

A nan ne babban dalilin yake. Kafin disko, hanyar da waƙa ke bi ta yi kasuwa a Amurka guda ce: kamfani ya buga faifai, ya kai wa gidajen rediyo, shugaban shirye-shirye ya yanke hukuncin sawa ko ƙin sawa. Gidajen rawa sun buɗe wata hanya ta daban, inda ake gwada waƙa a kan mutane masu rai, kuma sakamakon yana fitowa nan take, ko fili ya cika ko ya watse.

Francis Grasso, wanda ke sa faifai a Sanctuary tun wajen 1969, yana cikin waɗanda suka fara ƙwarewa a ɗinke waƙoƙi. Yakan sa abin sauraro a kunne ɗaya yana jin faifan da zai biyo baya, ya danne shi da yatsa a kan wani ƙyalle yayin da farantin garmahon ke juyawa a ƙarƙashi, ya jira har bugun gangar waƙar da ke tashi ya zo daidai, sannan ya saki. Masu rawa ba sa sanin inda wata ta ƙare wata ta fara. Da wannan dabara mai sa faifai ya tashi daga matsayin yaron da ke canza faifai ya koma mai tsara daren gaba ɗaya, yana ɗaga jama'a yana saukar da su yadda ya ga dama.

Waƙar da ta fara nuna wa kamfanoni ƙarfin wannan hanya daga Afirka ta fito. A 1972, shekarar da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa na Afirka, Manu Dibango ya yi waƙar gasar, a bayan faifan kuma ya sa wata mai suna Soul Makossa. Mancuso ya tsinci faifan a wani shago a Brooklyn ya fara sawa, sauran masu sa faifai suka bi sahu, 'yan kwafin da ke birnin suka ƙare, sai Frankie Crocker na tashar WBLS ya sa ta a rediyo. Kafin kamfanin Atlantic ya sayi izinin buga ta, ƙungiyoyi da dama sun riga sun kwaikwaye ta sun fitar domin cin kasuwar. A 1973 ta kai ta 35 a jerin Billboard, ba tare da wani kamfani ya kashe ko sisi wajen tallata ta da farko ba. A watan Satumban shekarar ɗan jarida Vince Aletti ya rubuta wa mujallar Rolling Stone labarin abin da ke faruwa a gidajen rawa, a 1974 kuma waƙoƙin da suka fara tashe a can, irin su Love's Theme ta ƙungiyar Barry White, da Rock the Boat, da Rock Your Baby, suka yi ta hawa matsayi na ɗaya. A 1975 masu sa faifai na New York suka kafa ƙungiyar da kamfanoni ke kai wa sababbin faya-fayai kyauta, su kuma su mayar da rahoton yadda jama'a suka karɓe su.

Daga nan sai kiɗan kansa ya fara sauya siffa domin ya dace da filin rawa. Waƙar rediyo minti uku ce, kuma Tom Moulton ya lura cewa tana ƙarewa ne daidai lokacin da jikin masu rawa ya fara ɗaukar zafi. Sai ya fara karɓar asalin tef daga kamfanoni yana sake haɗa waƙa, ya tsawaita ta, ya cire murya da goge a tsakiya ya bar ganga kaɗai na ɗan lokaci kafin ya dawo da komai gaba ɗaya. A kundin Gloria Gaynor na 1975 ya haɗe waƙoƙi uku suka cika fuska ɗaya ta faifai ba tsayawa. Babban faifai mai inci 12 da ke ɗauke da waƙa ɗaya ma ta hannunsa ya samu, kuma bisa tsautsayi: wata rana ƙananan faya-fayan gwaji suka ƙare a wurin injiniyansa José Rodríguez, aka yanka waƙar a kan wanda ya fi girma, aka baza layukan da allura ke bi domin su cika fili, sai aka ji sautin ya fi ƙarfi da kauri nesa ba kusa ba. A 1976 kamfanin Salsoul ya fara sayar wa jama'a irin wannan faifai da waƙar Ten Percent, wadda wani mai sa faifai, Walter Gibbons, ya sake haɗawa.

Turai ta ƙara nata. A birnin Munich na Jamus, Giorgio Moroder da Pete Bellotte sun yi wa Donna Summer waƙar Love to Love You Baby a 1975, Neil Bogart na kamfanin Casablanca ya nemi a tsawaita ta, ta koma kusan minti 17. A 1977 suka fitar da I Feel Love, wadda kusan duk kiɗanta na'urar haɗa sauti ta lantarki mai suna Moog ce ta yi shi. Ƙungiyoyi irin su Boney M da Silver Convention daga Jamus sun nuna wani abu kuma: tunda bugu ne ke ɗauke da waƙar, kalmomin kuma kaɗan ne ana maimaita su, wanda bai ji Turanci ba bai yi asarar komai ba. Wannan ne ya sa disko ya ƙetare iyakoki cikin sauƙin da waƙoƙin rok masu dogon zance ba su samu ba.

Shekarar 1977

Abubuwa biyu ne suka fitar da disko daga unguwanninsa suka kai shi gidan kowa. Na farko shi ne buɗe Studio 54 a ranar 26 ga Afrilun 1977, ƙarƙashin Steve Rubell da Ian Schrager. Rubell yakan tsaya a ƙofa da kansa yana zaɓen wanda zai shiga daga cikin cincirindon da ke bayan igiya, jaridu kuma kullum suna buga hotunan taurarin fim da masu kuɗi da 'yan siyasa a ciki. Hana shiga ya zama talla. Nile Rodgers da Bernard Edwards na ƙungiyar Chic ma an taɓa mayar da su daga ƙofar a daren shiga sabuwar shekarar 1978, suka koma gida cikin fushi suka tsara Le Freak, wadda ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka fi yi wa kamfanin Atlantic kasuwa a tarihinsa.

Na biyu shi ne fim ɗin Saturday Night Fever da ya fito a watan Disamba, wanda John Travolta ya fito a matsayin wani saurayi ɗan asalin Italiya a Brooklyn, mai aiki a shagon fenti duk mako yana tara kuɗin da zai kashe a filin rawa daren Asabar. An gina fim ɗin ne a kan wani rahoto da Nik Cohn ya rubuta a mujallar New York a 1976, wanda daga baya ya amsa cewa ƙirƙirarsa ya yi. Tasirin fim ɗin ya zo ne daga abin da ya cire. Ya ɗauki al'adar da baƙaƙen fata da masu neman jinsi ɗaya suka gina, ya sa mata fuskar farin saurayi mai neman 'yan mata, ya kuma ɗora ta a kan muryoyin Bee Gees, fararen fata 'yan gida ɗaya da suka tashi a Ingila da Ostareliya. Iyalan da a da ba za su kusanci gidan disko ba suka ga babu abin tsoro, makarantun koyon rawa suka cika, otal-otal da manyan kantuna a ƙananan garuruwa suka buɗe nasu filayen. A watan Yulin 1978 wata ƙaramar tasha a New York, WKTU, ta koma sa disko zalla, cikin 'yan watanni ta kere WABC wadda ta daɗe tana jan ragamar birnin, tashoshi da dama a faɗin ƙasar suka kwaikwaye ta. Manyan mawaƙan rok irin su Rolling Stones da Rod Stewart da Kiss duk suka fitar da waƙoƙi masu bugun disko.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu kare disko suna cewa shi ne kiɗa na farko a Amurka da ya haɗa launuka da jinsi a fili ɗaya ba tare da wa'azi ba, ya kuma ba mata baƙaƙen fata irin su Donna Summer da Gloria Gaynor matsayin da kasuwar rok, wadda fararen maza suka kankane, ba ta taɓa ba su ba. Suna kuma nuni da ƙwarewar makaɗan Philadelphia da na Chic a matsayin amsa ga masu cewa kiɗan na'ura ne kawai.

Masu suka ba ƙungiya ɗaya ba ce, kuma haɗa su a kwando ɗaya kuskure ne. Masoya rok suna ganin waƙa ta gaskiya ita ce wadda mawaƙi ya rubuta da kansa ya kuma rera a gaban jama'a, alhali a disko furodusa ne ke da iko, har akan sami ƙungiyar da fuskokin da ke bangon faifai daban, muryoyin da ke ciki daban. Wasu mawaƙa baƙaƙen fata, ciki har da George Clinton, sun soki yadda aka tace fank aka mayar da shi bugu ɗaya tilo, aka kuma tilasta wa mawaƙan sol bin yayi ko su rasa kwantiragi. Shugabannin addini da na al'umma, irin su Jesse Jackson, sun yi ƙorafi a kan batsar da ke cikin wasu waƙoƙin, kuma ba a ɓoye yake ba cewa hodar iblis da ƙwayoyi sun yi katutu a manyan gidajen rawa. Makaɗan da ke cin abinci da wasa a mashaya da otal kuwa kukansu na aiki ne, domin duk gidan da ya sayi garmaho biyu ya sallami ƙungiya guda.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana magana ne a kan disko daban. Wanda ake yabo shi ne na ƙananan gidajen rawa na farkon shekarun, wanda ake suka kuma galibi shi ne na 1978 da 1979, lokacin da kamfanoni suka mayar da shi abin da ake buga wa kowace irin waƙa, daga ta yara zuwa ta tsofaffin fina-finai.

Faɗuwar 1979

Steve Dahl ma'aikacin rediyo ne a Chicago da ya rasa aikinsa a ƙarshen 1978 lokacin da tasharsa, WDAI, ta bar rok ta koma disko. Da ya sami aiki a WLUP sai ya mayar da zagin disko jigon shirinsa. Shi da masu kula da ƙungiyar wasan besbol ta White Sox suka shirya cewa a ranar 12 ga Yulin 1979 duk wanda ya zo filin Comiskey Park da faifan disko zai shiga a kan santi 98, a tara faya-fayan a fasa su tsakanin wasa na farko da na biyu. Kimanin mutum 50,000 suka zo, fiye da abin da aka yi tsammani nesa, bayan fashewar kuma dubbai suka kutsa cikin fili suka kunna wuta suka lalata ciyawa, aka kama mutum 39, aka ba ƙungiyar Detroit Tigers wasa na biyu ba tare da an buga ba.

Har yau ana jayayya a kan ma'anar wannan dare. Dahl ya dage cewa wasa ne na matasa masu kishin kiɗansu, babu ƙiyayyar launi ko ta jinsi a ciki. Nile Rodgers ya kwatanta shi da ƙona littattafai da 'yan Nazi suka yi. Vince Lawrence, wani baƙar fata da ke aikin nuna wa 'yan kallo kujeru a filin a daren, ya ce da yawa daga cikin faya-fayan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙen fata ne kawai.

Ko wane bayani aka ɗauka, kasuwar ta riga ta fara tangal-tangal kafin daren. Juyin juya halin Iran ya sake ɗaga farashin mai a 1979, cinikin faya-fayai ya ja baya bayan shekaru yana hawa, kamfanonin da suka buga miliyoyin kwafi da zaton kowane kundi zai yi irin kasuwar Saturday Night Fever suka ga dillalai suna dawo musu da kaya. Sauƙin kuɗin da ya ɗaga disko shi ne ya cika kasuwa da tarkace, kuma da aka tashi neman wanda za a ɗora wa laifi, shi ne a kusa. Kamfanoni suka rufe sassan disko suka koma kiran kayansu kiɗan rawa. An kai samame Studio 54 a Disambar 1978, aka ɗaure masu shi a farkon 1980 saboda ƙin biyan haraji. Kyautar Grammy, wato babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, a rukunin waƙar disko sau ɗaya tak aka bayar da ita, a 1980, ga Gloria Gaynor saboda I Will Survive, waƙar da kamfaninta ya fara sakawa a bayan faifai kafin masu sa faifai su juya shi.

Abin da ya shafi jama'a daga baya

Sunan ne ya mutu a Amurka, bugun bai tsaya ba. Kundin Off the Wall na Michael Jackson ya fito wata ɗaya bayan daren Chicago ya kuma yi kasuwa sosai. Kiɗan Good Times na Chic shi aka ɗora Rapper's Delight a kai a 1979, waƙar da ta fara kai hip-hop kasuwar duniya. A Chicago ɗin dai, Frankie Knuckles da wasu matasan birnin, ciki har da Vince Lawrence, sun ci gaba da sarrafa tsofaffin faya-fayan disko da ƙananan na'urorin ganga masu arha har aka sami kiɗan da ake kira haus (house a Turance).

A wajen Amurka kuwa disko bai ma san an yi jana'izarsa ba. A Najeriya, tashin farashin man da ya matse Amurkawa shi ne ya kawo kuɗi, ƙarin albashin da gwamnati ta yi a tsakiyar shekarun 1970, wanda ake kira Udoji, ya sa ma'aikata da yawa sun sayi rediyo da garmaho, a ƙarshen shekarun da farkon na 1980 kuma mawaƙa irin su Kris Okotie da Christy Essien-Igbokwe da William Onyeabor suka yi ta fitar da faya-fayai masu wannan salo. Indiya ta karɓe shi ta hanyar fim, musamman Disco Dancer na 1982, wanda Mithun Chakraborty ya fito a ciki Bappi Lahiri ya yi kiɗansa, kuma ta wannan ƙofa ce masu kallon fina-finan Indiya da yawa a ƙasar Hausa suka san disko, ba ta New York ba.

Tasirin da ya fi daɗewa shi ne na sana'a. Aikin mai sa faifai ya zama hanyar cin abinci mai zaman kanta, sake haɗa waƙa ya zama sashe na kasuwar kiɗa, kuma furodusa mai na'ura a ƙaramin ɗaki ya maye gurbin tarin makaɗa. Masu goge da masu busa da suka yi ta samun aiki a sitidiyon Philadelphia da New York a tsakiyar shekarun 1970 su ne suka fara ɗanɗana wannan, domin bayan 1979 kamfanoni sun daina biyan mutum talatin a kan abin da na'ura ɗaya za ta kwaikwaya. Irin wannan lissafi ne mai biki ke yi yau a Kano ko Maraɗi idan ya auna kuɗin ɗauko makaɗan kalangu ko 'yan amada, da motar da za ta kawo su da abincinsu da kuɗin liƙi, sannan ya auna na yaro ɗaya mai kwamfuta da lasifika biyu da janareto, wanda zai sa wa 'yan mata waƙar da suka nema a take, ya kuma canza ta da zarar ya ga fili ya fara watsewa.